Ƙamus ya ƙi buɗewa a waya: Yadda ake gano manhajar da ta dace da fayil ɗin da ba a san shi ba

A zaurukan WhatsApp da Telegram na ɗalibai, musamman masu karatun likitanci da shari'a da Larabci, ana yawan tura manyan ƙamusoshi kyauta. Mutum zai ƙona datarsa ya sauke fayil mai nauyin MB ɗari uku ko huɗu, ya danna shi, sai waya ta ce masa ba ta da manhajar da za ta buɗe shi. Wani lokaci kuma ta jero masa manhajar kallon bidiyo da ta karanta PDF ta ce ya zaɓa, alhali a cikinsu babu wadda ta san abin da fayil ɗin ya ƙunsa.

Daga nan mutane kan rabu gida biyu. Wasu su ɗauka fayil ɗin ya lalace su goge shi. Wasu kuma su shiga Google neman mafita, su faɗa hannun shafukan da ke alƙawarin buɗe "kowane irin fayil" idan an sauke manhajarsu. Na farko data kawai ya yi asara. Na biyu yana iya rasa abin da ya fi data, har da lambobin sirrin bankinsa.

A mafi yawan lokuta lafiyar fayil ɗin ƙalau. Matsalar ita ce ba a san sunan gidan da ya fito ba.

Dalilin da ya sa waya ke yin shiru

Kalmar ƙamus kanta ta samo asali ne daga Al-Ƙamus al-Muhiɗ, littafin Fairuzabadi wanda ya rasu a farkon ƙarni na 15, kuma ma'anarta ta asali teku ce. Ƙamus na lantarki ya ci wannan suna, domin yana iya ɗaukar kalmomi dubu ɗari da ɗoriya, da hotuna, da muryar yadda ake furta kowace kalma. Ba zai yiwu waya ta bi wannan teku shafi-shafi duk lokacin da aka nemi kalma ɗaya ba. Saboda haka ake gina shi da fihirisa, wato jerin kalmomi da adireshin inda bayanin kowacce yake, sannan a matse bayanin don ya rage nauyi.

To, masu ƙera manhajoji ba su taɓa zama sun amince da hanya ɗaya ta yin wannan gini ba. Kamfanin Babylon na Isra'ila, wanda aka kafa a 1997, ya yi nasa. Kamfanin ABBYY da aka kafa a Mosko a 1989 ya yi nasa don ƙamus ɗinsa na Lingvo. A China an samu StarDict da MDict. Japan na da EPWING tun zamanin faifan CD. Amazon na da nasa a Kindle, Kobo ma haka. Kowanne da tsarinsa, kuma manhajar wani ba dole ta karanta na wani ba.

Ita kuwa Android, idan aka danna fayil, tana duba nau'insa ne ta tambayi manhajojin da ke kan wayar ko akwai wadda ta yi rajistar cewa tana karɓar irinsa. Yawancin manhajojin ƙamus ba sa yin wannan rajista. Abin da suka saba shi ne a ajiye musu fayil a wata folda, su je da kansu su ɗauka. Shi ya sa ko da manhajar da ta dace tana kan wayar, danna fayil ɗin kai tsaye ba lallai ya buɗe shi ba.

A fara da wutsiyar suna

Matakin farko shi ne duba haruffan da ke bayan ɗigo a ƙarshen sunan fayil. Idan sunan ya yi tsawo waya kan datse shi, sai a shiga wurin bayanan fayil a ga cikakkensa. Abu na biyu, wanda mutane suka fi mantawa, shi ne duba sauran fayilolin da suka zo tare da shi, domin ƙamus da yawa ba fayil ɗaya ba ne.

StarDict shi ne babban misali. Wani mai tsara manhaja ɗan China, Hu Zheng, ya fitar da shi a 2003, kuma tsarinsa ya bazu har ya fi manhajar kanta shahara. Ƙamus ɗaya na StarDict fayiloli uku ne aƙalla: .ifo da .idx da .dict, wanda sau da yawa yake zuwa a matse da sunan .dict.dz. Wani lokaci akwai na huɗu, .syn, mai ɗauke da kalmomi masu kai mutum ga shigarwa ɗaya. Dole ukun su zauna a folda ɗaya, kuma sunansu kafin ɗigo ya zama iri ɗaya harafi da harafi.

A nan ne ake yawan yin kuskure. Mai turawa ya ga fayiloli uku, ɗaya mai nauyi biyu 'yan ƙanana, sai ya tura babban kaɗai yana ganin shi ne ƙamus ɗin. Alhali .ifo, wanda bai kai nauyin KB ɗaya ko biyu ba, shi ne takardar shaidar ƙamus ɗin. Rubutu ne zalla da kowace manhajar karanta rubutu za ta buɗe. Layinsa na farko yana cewa "StarDict's dict ifo file", a ƙasa kuma akwai sunan ƙamus ɗin, da adadin kalmominsa, da girman da ya kamata fayil ɗin .idx ya kasance. Idan girman da aka rubuta bai yi daidai da na .idx da ke hannu ba, to saukewar ba ta kammala ba ko kuma an haɗa fayilolin ƙamus biyu daban. Wanda ya karɓi .dict.dz shi kaɗai ba shi da abin yi illa ya koma wurin mai turawa ya nemi ragowar. A wayar Android, ColorDict da GoldenDict da KOReader duk suna karanta wannan tsari.

Akwai ɗan ruɗani a nan. Idan .dict.dz ya zo da abokin tafiya mai suna .index maimakon .idx, to na tsarin dictd ne, wanda aka wallafa ƙa'idarsa a 1997. Haka kuma masu sauke finafinai sun san .idx a wani wuri daban, inda yake zuwa da .sub a matsayin rubutun fassarar da ke fitowa a ƙasan allo. Abokin tafiya shi ke bambance su.

Sai MDict, wanda Rayman Zhang ya fara a farkon shekarun 2000 don ƙananan kwamfutocin aljihu masu amfani da Windows. Fayil ɗinsa .mdx shi ne kalmomi da ma'anoni, .mdd kuma hotuna da sauti. Wanda ya samu .mdx kaɗai zai iya karanta ma'anoni, amma maɓallin furuci ba zai yi magana ba. Wanda ya samu .mdd kaɗai ya sauke kaya mafi nauyi kuma mafi rashin amfani. Idan an ga 'yan ƙananan fayiloli masu .css ko .js a gefe, kada a goge su, su ne ke tsara kala da fasalin shafi. Manhajar MDict tana nan a Android da iPhone, kuma GoldenDict ta kwamfuta tana buɗe tsarin.

Na Babylon shi ne .bgl. Na Lingvo iri biyu ne, .dsl wanda rubutu ne da ido zai iya karantawa, da .lsd wanda aka riga aka dunƙule. Fayil mai .slob na manhajar Aard 2 ne. Mai .zim kuma na Kiwix ne, manhajar da aka fara a 2007 don karanta Wikipedia ba tare da intanet ba, kuma a rumbunta akwai Wikipedia ta Hausa da ƙamusoshin Wiktionary na harsuna da dama.

Biyu sun cancanci a ja kunne a kansu. Fayil mai .dic da ya zo tare da .aff ba shi da ma'anar ko kalma ɗaya a cikinsa. Jerin kalmomi ne na Hunspell da manhajoji irin su LibreOffice ke amfani da shi wajen gyaran kuskuren rubutu, kuma layinsa na farko lamba ce kawai, wato kimanin adadin kalmomin. Shi kuwa .bok, wanda ɗaliban ilimin addini suka saba gani ɗauke da littattafai irin su Lisanul Arab, na tsohon tsarin Maktabatus Shamila ne. A ƙarƙashin wannan suna, rumbun bayanai ne na Microsoft Access.

Idan suna ya yi ƙarya

Wutsiyar suna lakabi ne kawai, kowa na iya sauya shi. Fayil da ya bi ta hannu goma, daga memori zuwa Xender zuwa WhatsApp, yana iya isowa da suna irin DOC da jerin lambobi, ko da .bin, ko ma babu wutsiya sam. Kuma wutsiya ɗaya na iya zama ta gidaje da yawa. Misali .mdx da aka ambata, manhajar Daemon Tools ma tana amfani da shi ga hoton faifan CD, masu gina shafukan intanet kuma suna da nasu .mdx ɗin na daban.

Abin da ba ya sauyawa shi ne cikin fayil ɗin. Kusan kowane tsari yana da hatimi a 'yan haruffansa na farko, kuma ana ganinsa da ƙaramar manhaja da ake kira hex editor, wadda ke nuna ɗanyen abin da ke cikin fayil, lambobi a hagu, haruffa a dama. Ba a buƙatar fahimtar lambobin. Layuka biyar ko shida na farko sun isa.

Fayil da ya fara da PK matsattsen zip ne, haruffan kuma na sunan Phil Katz ne, wanda ya ƙirƙiro tsarin. Wanda ya fara da "SQLite format 3" rumbun bayanai ne da aka zaro daga cikin wata manhaja, kuma yawanci ita kaɗai ta san yadda ta jera shi. Na Shamila zai nuna "Standard Jet DB". Na Kiwix yana farawa da ZIM, na Aard yana da SLOB a layin farko, na Babylon kuma lambobinsa na farko 12 34 00 ne. Fayil ɗin .dsl yana buɗewa da #NAME sannan sunan ƙamus. A .mdx na gaskiya za a ga kalmar Dictionary da ɗigo-ɗigo tsakanin haruffanta.

Wannan kan na .mdx yana da ƙarin amfani, domin a cikinsa aka rubuta samfurin injin da ya gina ƙamus ɗin da kuma ko an kulle shi. Wasu ƙamusoshin na sayarwa ne, an ɗaure su da imel ko lambar na'urar wanda ya saya. Irin wannan ko an sa manhajar da ta dace zai nemi lambar rajista, kuma sauya manhaja ba zai warware komai ba.

Labarin .pdb ya fi kowanne nuna amfanin leƙa ciki. A shekarun 1990 da farkon 2000, kafin wayoyin zamani, na'urar aljihu ta Palm ce ke tashe a Amurka da Turai, kuma kusan duk bayanan da ke kanta, littafi ne ko ƙamus ko jerin adireshi, .pdb ne sunansa. Yau kuma Microsoft na amfani da .pdb ga fayilolin masu rubuta manhaja, masana kimiyya na amfani da shi ga siffar sunadaran furotin. Ta yaya za a bambance? Na Microsoft yana farawa da sunan kamfanin a fili. Na masana kimiyya rubutu ne zalla. Na Palm kuwa yana farawa da sunan kundin, sannan a daidai bayit na 60 akwai haruffa takwas: huɗun farko nau'in fayil, huɗun ƙarshe lambar manhajar da ta ƙirƙire shi. Idan an ga TEXtREAd, rubutu ne na tsarin PalmDOC. Idan BOOKMOBI ne, na Mobipocket ne, kamfanin Faransa da Amazon ya saya a 2005 ya gina tsarin Kindle a kansa, kuma Calibre a kwamfuta tana buɗe shi matuƙar ba a kulle shi ba. Idan wasu haruffa ne daban, sai a rubuta su a injin bincike tare da kalmar Palm, sau da yawa sunan tsohuwar manhajar zai fito.

Kullallun su ne abin tausayi. Amazon ya rufe shafin Mobipocket a 2016, ya bar waɗanda suka sayi ƙamus da kuɗinsu a can da fayil ɗin da aka ɗaure da lambar na'urar da wataƙila ta daɗe da mutuwa.

Wanda ba ya son karanta hatimi da kansa yana da mataimaka. Akwai TrID, wadda Marco Pontello ɗan Italiya ya rubuta, mai kwatanta fayil da dubban hatimai ta faɗi wanda ya fi kama da shi. Masu amfani da Termux a Android kuma na iya saka tsohuwar manhajar Unix mai suna file, su ba ta sunan fayil ta faɗi nau'insa a layi ɗaya ba tare da an ɗora komai a intanet ba.

Tarkon da ke kan hanya

Komawa ga PK, domin nan haɗarin yake. Ba zip na yau da kullum kaɗai ke farawa da shi ba. Littafin EPUB ma haka yake, da ƙamusoshin .jar na zamanin Nokia, da kuma APK, wato manhajar Android. Idan aka buɗe matsattsen fayil aka tarar da AndroidManifest.xml da classes.dex, abin da ke hannu manhaja ce da za ta yi aiki a kan waya, ko da an rubuta mata "Oxford" a goshi. Wanda ya fara da MZ kuma manhajar Windows ce.

Fayil ɗin ƙamus na gaskiya ba a girka shi, ajiye shi ake yi. Ita ma manhajar da za ta karanta shi ba ta da hujjar neman izinin karanta saƙonnin tes, ko jerin lambobin waya, ko ikon sarrafa allo da aka tanada don masu buƙata ta musamman. Waɗannan su ne ƙofofin da ɓarayin asusun banki ke bi. Gara a ɗauko manhaja daga Play Store ko App Store ko F-Droid, kuma a duba sunan mai ita, domin masu kwaikwayon suna ba su da wuyar samu. Shafin VirusTotal, wanda Google ya saya a 2012, yana gwada fayil da injinan kariya masu yawa a lokaci guda, sai dai duk abin da aka ɗora masa ya bar hannun mai shi, don haka ba wurin kai takardun sirri ba ne.

Ko sanannun sunaye ba su tsira daga zargi ba. Babylon ya yi ƙaurin suna da wata 'yar manhaja da ke maƙalewa a burauza ta sauya wa mutum shafin bincike, cire ta kuma sai an sha wuya.

Akwai kuma batun haƙƙin mallaka, wanda ba kasafai ake son tayar da shi a zaurukan ba. Da yawa daga cikin kyawawan fayilolin .mdx da ke yawo an kwaso su ne daga ƙamusoshin sayarwa ba da izinin masu su ba.

Ya buɗe, amma haruffa sun birkice

Mai karatun Hausa yana da ƙarin matsala da Bature ba ya fuskanta. Ƙamus zai buɗe, amma inda ya kamata a ga ƙ sai a ga Æ™, inda ɗ take sai É da dogon layi. Wannan alama ce ta cewa an rubuta fayil ɗin da tsarin UTF-8 amma manhaja tana karanta shi da tsohon tsarin Windows na Yammacin Turai. Irin haka na faruwa da Larabcin da aka adana da tsohon tsari. Bayanan na nan ba su ɓace ba, karatun ne aka yi da ma'aunin da bai dace ba.

Wani nau'in ya fi wannan tsufa. Kafin Unicode ya wadata, masu buga Hausa a Najeriya sun dogara da fon na musamman, irin su Rabi'at da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar a shekarun 1990, waɗanda suka ɗora haruffa masu lanƙwasa a kan maɓallan baka. A lokacin babban ci gaba ne. Amma duk rubutun da aka yi da su, idan ya je na'urar da ba ta da fon ɗin, sai "ƙasa" ta koma "}asa", "ɗaya" ta koma "]aya". Ƙamus da aka gina daga irin wannan rubutu ba zai taɓa nemo "ƙasa" ba, domin a fihirisarsa babu wannan kalma. Maganinsa shi ne a sauya alamomin a ainihin rubutun a sake gina shi.

Ya kamata kuma a bambance ƙamus na lantarki da hoton ƙamus. Babban aikin Bargery na 1934, mai shafuka sama da dubu ɗaya, idan aka same shi a matsayin PDF na shafukan da aka ɗauka hoto, littafi ne da za a riƙa buɗawa da yatsa. Babu manhajar ƙamus da za ta karɓe shi, kuma sauya masa wutsiya zuwa .mdx ba zai mayar da shi komai ba.

Inda ake ajiyewa, da yadda ake sauya tsari

Bayan an gano tsari an samu manhaja, saura wurin ajiya. Kowace manhaja na da foldar da take dubawa, kuma tana faɗin ta a saitunanta. Tun daga Android 11 da ta fito a 2020, Google ya tsaurara shiga foldar Android/data, abin da ya sa wasu tsofaffin manhajoji ba sa ganin fayilolin da ke gabansu. Sababbi kan ba mutum damar nuna musu folda da kansa. A iPhone ana bi ta manhajar Files ko maɓallin rabawa. Da farko manhajar za ta ɗauki 'yan mintuna tana gina tata fihirisar, kuma hakan na cin wuri, don haka wayar da ta cika maƙil na iya tsayawa a tsakiya.

Idan tsarin ba shi da manhaja a wayar mutum, akwai PyGlossary, kyauta ce, wani ɗan Iran mai suna Saeed Rasooli ke kula da ita. Tana karanta .bgl da .mdx da .dsl da wasu tsare-tsare masu yawa, ta mayar da su StarDict ko .slob ko na Kobo. Ta fi sauƙi a kwamfuta, amma tana aiki a Termux. Babban ƙamus mai hotuna da ado kan rasa wani ɓangare na fasalinsa a hanya, shi ya sa ake ajiye na asali kafin a fara.

Wannan manhaja tana karɓar rubutu mafi sauƙi ma: kalma, tazarar maɓallin tab, sannan ma'ana, layi bayan layi, a adana da UTF-8. Malamin da ke da jerin kalmomin kimiyya da fassararsu ta Hausa a Excel, ko ma'aikacin asibiti da ya tara sunayen cututtuka, zai iya mayar da jerin nan fayiloli uku na StarDict cikin 'yan mintuna. Idan zai tura wa ɗalibansa, sai ya dunƙule ukun a zip ɗaya, ya saka 'yar takarda a ciki mai faɗin sunan tsarin da manhajar da ke buɗe shi.